Horon Ma'aikatan Banki: Wa Ake Koyarwa, Wa Ake Bari?

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati a birnin Katsina)



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka ba ni damar tsayawa a gabanku. Batun da aka ɗora mini shi ne horon da ake ba ma'aikatan banki a ƙasar nan. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗalibi da wannan magana, ai ta manajoji ce. To, babu wanda ke zaune a wannan zaure da banki bai riƙe masa wani abu ba. Ta banki ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta, ta banki albashin ma'aikaci ke zuwa, ta banki tsohon da ya yi ritaya ke jiran fanshonsa. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinmu gobe su ne za su tsaya a bayan kanta suna karɓar kuɗin jama'a.

Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne: Nijeriya tana da makarantu da dokoki da hukumomi na horon ma'aikatan banki, kuma wasunsu sun haura shekara hamsin. Amma horon ya taru a sama, ga waɗanda ke zaune a manyan ofisoshi, alhali ma'aikacin da ke fuskantar mai ajiya a Katsina ko Jibiya ko Funtuwa shi ne mafi ƙarancin rabo. A hannunsa kuwa amanar banki take ɗorewa, a hannunsa take lalacewa.

Kafin zuwan banki

Katsina ba baƙuwar kuɗi ba ce. A ƙarni na 17 da na 18 wannan birni yana cikin manyan zangunan fatauci na ƙasar Hausa, ayari na sauka daga Agadas da arewacin Afirka, wani na tashi zuwa Gwanja neman goro. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya tarar a Kano wuri 2,500 ne ke sayen dala ɗaya ta azurfa. Keso guda kuwa wuri 20,000 ne. Ku duba irin haƙuri da gaskiyar da ake bukata ga wanda aka ba aikin ƙirga wannan dukiya.

Yaya kakanninmu suke horon wanda zai riƙe kuɗi? Maigida yakan ɗauki yaro ya fara da sharar rumfa da zuwa aike. In ya ga hankalinsa, sai ya ba shi 'yan kuɗi kaɗan ya aike shi sayayya, ya jira canji. In canji ya dawo daidai, sai a tura shi kasuwar ƙauye da kaya. Sai bayan shekaru ake haɗa shi da madugu, daga ƙarshe a yanka masa jarinsa. Abu uku ne ke cikin wannan tarbiyya. Na farko, ana yin ta sannu a hankali. Na biyu, ana yin ta a gaban mai saye, cikin harshensa. Na uku, ba a ba mutum babbar amana sai an gwada shi da ƙarama. Malamanmu kuma sun sanar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da irin adalcin da ake nema ga marubucinsa. Ashe tun fil'azal an san cewa akawun da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ba ƙaramin mutum ba ne.

Bankunan Turawa da darasin farko

Banki irin na zamani ya fara a Ikko a 1892, kana a 1894 Bank of British West Africa ya gaji aikin, shi ne First Bank na yau. Bankin Barclays ya bayyana da wannan suna a 1925, shi ne ya koma Union Bank a 1979. Waɗannan bankuna gwamnatin mulkin mallaka da kamfanonin Turawa suke yi wa hidima. Manajojinsu daga Ingila suke zuwa, inda Cibiyar Ma'aikatan Banki ta Landan take shirya jarrabawa tun kafa ta a 1879. Ɗan ƙasa kuwa iyakarsa akawu ko masinja. An koya masa ƙirga kuɗi da cika littafi, ba a koya masa auna wanda ya cancanci rance ba. Labari ne sananne cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa lodin raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano. Dukiya tana hannunmu, ilmin sarrafa ta a banki yana hannun wasu.

Da 'yan ƙasa suka ga an ƙi su da rance, sai suka shiga kafa nasu bankunan. Na farko an buɗe shi a 1929, bai wuce 1930 ba ya rushe. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1952 aka yi ta buɗe su barkatai, amma kafin 1954 ta ƙare mafi yawansu sun durƙushe da kuɗin talakawa. Dalilan da masu bincike suka kawo su ne ƙarancin jari, da bai wa 'yan'uwa da abokai bashi, da rashin ma'aikatan da suka san aikin. Dokar banki ta 1952 ta tilasta wa bankin 'yan ƙasa ya mallaki jarin fam 12,500 kafin ya fara aiki. Doka ta iya yanka adadin jari, amma ba ta iya haifar da gwani dare ɗaya ba. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, kuma a wannan shekara aka kafa Bankin Arewa, mai hedkwata a Kano, wanda a 2006 ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas.

Makarantu da hukumomin horo

Bayan samun mulkin kai aka shiga gina hanyoyin horo. A 1963 aka buɗe reshen Cibiyar Landan a Ikko. A 1976 ya tsaya da ƙafarsa, a 1990 dokar soja ta ba shi ikon zama hukumar da ke tantance ƙwararrun ma'aikatan banki, shi ne ake kira CIBN a yau. A 1971 aka kafa Asusun Horon Ma'aikata, watau ITF, mai hedkwata a Jos. Kamfanin da doka ta shafa yakan zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a wannan asusu, in kuma ya nuna shaidar ya horar da su, ana iya mayar masa da abin da ya kai rabi. Wannan asusu ne ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu a 1973, wanda muka sani da SIWES. Kwamitin Dokta Pius Okigbo na 1976 ya ba da shawarar kafa makarantar horo ta haɗin gwiwar bankuna, aka buɗe ta a Ikko a 1981 da sunan FITC.

Me ya kawo wannan gaggawa a wancan lokaci? A 1976 Gwamnatin Tarayya ta sa kashi 60 cikin 100 na hannun jarin bankunan ƙetare ya koma hannun Nijeriya, kujerun Turawa suka fara zama na 'yan ƙasa. A 1977 kuma aka fito da shirin kai banki karkara, aka umarci bankuna su buɗe rassa 200 a kashin farko kaɗai. Kowane reshe yana bukatar manaja da akanta da kashiya. Jiharmu ta ba da nata gwanaye a wannan zamani. Alhaji Umaru Mutallab, mutumin Funtuwa, ya koyi aikin akanta a Ingila, ya shugabanci bankin UBA daga 1978 zuwa 1988, daga baya ya zama shugaban hukumar First Bank daga 1999 zuwa 2009.

Amma sai gini ya fi ƙarfin magina. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a 1992. Ina aka samo ma'aikatan? Aka dinga zawarcinsu daga wannan banki zuwa wancan, wanda jiya yake ƙaramin jami'i yau ya wayi gari manaja. Ba a daɗe ba aka ga sakamako, domin a watan Janairu 1998 kaɗai an soke lasin bankuna 26. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Jari ya ƙaru, amma duk da haka ran 14 ga Agusta 2009 Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, wasu suka biyo baya, aka zuba naira biliyan 620 don ceto. Bayan wannan ne, a 2012, Babban Banki ya fito da tsarin ƙwarewa wanda ya zayyana ilmi da gogewar da ake bukata ga mai riƙe kowane babban muƙami a banki. A 2024 an sake ɗaga jarin manyan bankuna zuwa naira biliyan 500. Jama'a, tarihin nan ya maimaita darasi ɗaya sau uku: kuɗi ba ya tsare kansa, mutum ne ke tsare shi.

Yadda ake horon a yau

Wanda babban banki ya ɗauka aikin dindindin bayan ya gama jami'a da hidimar ƙasa, ana fara yi masa jarrabawa da ganawa, sa'an nan a kai shi makarantar bankin. First Bank yana da tasa a Ikko, GTBank yana da tasa a Abeokuta, Access Bank ma yana da tasa. A can zai yi watanni yana koyon lissafin kuɗi, da auna rance, da dokokin banki, da hanyoyin gano kuɗin haram, da ladabin hulɗa da jama'a. Ana yi masa jarrabawa a kai a kai, wanda ya faɗi a sallame shi. In ya tsallake, sai a zagaya da shi sassa, kana a ci gaba da ba shi kwas ta kwamfuta kowace shekara. Wannan horo ne mai kyau, kuma duk wanda ya ga waɗanda suka fito daga cikinsa zai shaida.

To, amma mutum nawa ke samun sa? Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa a ƙarshen 2019 ma'aikatan bankuna sun ɗan haura 100,000, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 'yan kwantiragi ne. Waɗannan wani kamfani ne dabam ke ɗaukarsu ya ba banki aronsu. Albashinsu bai kama ƙafar na abokan aikinsu ba, ba su da tabbacin ƙarin girma, horonsu kuma galibi gajere ne, iyakarsa yadda za a danna na'ura da yadda za a rufe lissafin yini. Ku shiga kowane banki a titin IBB a nan Katsina, ku dubi masu karɓar kuɗi a kanta da masu yawon neman ajiya a kasuwa, da yawansu daga wannan rukuni suke. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988, ta sha nunawa a rahotanninta na shekara cewa ma'aikatan wucin gadi suna cikin waɗanda aka fi samu da hannu a zamba. Ba na cewa sun fi kowa mugun hali. Abin da nake cewa shi ne, an damƙa wa mutum miliyoyi a hannu, ba a koya masa ba, ba a biya shi ba, ba a kuma nuna masa gaba ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A ƙarƙashin waɗannan akwai wani rukunin, watau wakilan banki masu na'urar POS, waɗanda Babban Banki ya fitar da ƙa'idar aikinsu a 2013. A ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, mai POS shi ne banki gaba ɗaya. Shi ke riƙe katin tsohuwa, wani lokaci har ita da bakinta take gaya masa lambar sirri. Da yawansu abin da aka koya musu bai wuce yadda ake kunna na'urar ba.

Akwai kuma wani malami da ba a rubuta sunansa a manhaja ba, shi ne adadin ajiyar da ake yanka wa ma'aikaci ya kawo kowane wata. A aji an koya masa gaskiya, a ofis an gaya masa in bai cika adadi ba aikinsa na rawa. Wannan cuta ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, a 2016, aka gano ma'aikatan bankin Wells Fargo sun buɗe wa mutane asusu kimanin miliyan 2 ba da saninsu ba don su cika adadin da aka yanka musu. Aka kori ma'aikata kimanin 5,300, aka ci bankin tarar dala miliyan 185. Dukansu kuwa an yi musu darasin ɗa'a. Abin da ake ba ma'aikaci lada a kansa ya fi abin da aka karanta masa a aji tasiri.

Abin da mai ajiya a Katsina ke bukata

Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan mutane a Nijeriya ba su hulɗa da kowace irin ma'ajiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan irin waɗannan. Talauci da nisa da rashin tsaro suna cikin dalilai. Amma akwai wanda ya zo banki sau ɗaya, aka yi masa kallon raini, aka miƙa masa takardar da ba zai iya karantawa ba, ya koma ga uwar adashi da ramin ɗaki bai sake dawowa ba. Bari in kawo abu huɗu da ya kamata ma'aikaci a wannan yanki ya sani.

Na farko shi ne harshe. Jin Hausa dabam, iya bayanin rance da Hausa dabam. Ɗalibi nawa ne a nan zai iya fayyace wa manomi bambancin kuɗin ruwa na shekara da na wata, ko abin da jingina take nufi ranar da aka kasa biya, ko nauyin da ke kan wanda ya tsaya wa wani? Ma'aikacin da aka horar da Turanci zalla yakan ce, “Baba, sa hannu a nan kawai.” Wannan kalma ta “kawai” ta raba mutane da gidajensu.

Na biyu shi ne fiƙihun ciniki. Mutanenmu da yawa suna gudun kuɗin ruwa saboda addini. A 2011 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, a watan Janairu 2012 Jaiz Bank ya buɗe rassansa na farko a Abuja da Kano da Kaduna, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus Bank a 2021. Amma a birnin da ya haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, mai ajiya zai yi tambaya. Zai ce, mene ne bambancin ribar murabaha da kuɗin ruwa? Amsar ita ce, a murabaha tilas banki ya sayi kayan ya mallake su, kana ya sayar maka da ribar da kuka yarda a kanta tun farko, wadda ba ta ƙaruwa don an yi jinkiri. In ma'aikaci bai san wannan ba, sai ya ce ai duk ɗaya ne, suna ne kawai aka sake, ya rushe da baki ɗaya abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Na uku shi ne sanin sana'ar mutane. Mai noman auduga a Funtuwa, da mai sarin hatsi a Dandume, da dillalin shanu a Mai'aduwa, ba su da albashin ƙarshen wata. Kuɗin manomi da kaka yake zuwa, bukatarsa kuwa tun kafin saukar damina take. Rancen takin da ya fito a watan Agusta ya zama kuɗin biki. Tun 1977 akwai asusun da ke tsaya wa manomi har kashi 75 cikin 100 na bashin da ya ci, kuma a 2015 aka fito da shirin ba manoma rance ta hannun masu sayen amfanin gona, wanda aka sha wahalar karɓo kuɗinsa. Shiri kowane iri ne, jami'in da bai taɓa taka gona ba ba zai rarrabe manomin gaske da manomin takarda ba. Haka nan wanda aka tura Jibiya, tilas ya san cinikin da ke tsakaninmu da Maraɗi, da yadda naira ke haɗuwa da sefa, da abin da rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya yi wa masu bashi. Da ɗan gari akan ci gari.

Na huɗu shi ne riƙe jama'a ranar tsanani. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, aikin banki ta waya ya tsaya cik. A farkon 2023, bayan da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutane suka kwana a layi, mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 3 ga Maris. Gwamnan Babban Banki ba shi ne ya fuskanci fushin jama'a a ƙofar banki ba. Ƙaramin ma'aikaci da maigadi ne suka sha zagin, kuma irin wannan rana ba ta cikin abin da aka shirya su dominsa. Wannan ma'aikacin ne kuma ya fi kowa damar gaya wa mai ajiya cewa banki ba ya buga waya ya nemi lambar sirri, maganar da ta isa ta raba mutane da yawa da 'yan damfara.

Hujjojin masu banki

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu banki suna cewa horo yana da tsada, kuma da zarar ka horar da yaro sai wani banki ya ɗauke shi, ko ya tsallaka Ingila ko Kanada. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa ai shi ne dalilin kafa ITF da FITC, watau kowa ya zuba, kowa ya amfana, don kada wani ya yi shuka wani ya girbe. Ma'aikacin da ya bar wannan banki ya koma wancan bai bar ƙasar da ilminsa ba. Wanda ya zauna ba horo kuwa, ɓarnarsa kullum tana nan.

Suna kuma cewa na'ura ta kusa maye gurbin kashiya, don me za a kashe masa kuɗi? Lalle aikin ƙirga kuɗi yana raguwa. Amma duk wanda aka cire wa kuɗi na'ura ba ta ba shi ba, ko ya yi taransifa ba ta isa ba, wurin mutum yake zuwa. Na'ura ta ɗauke aiki mai sauƙi ta bar wa ɗan Adam mai wuya, saboda haka bukatar horo ƙaruwa ta yi.

Wasu ƙasashe sun nuna hanya. A Jamus, matashin da zai yi aikin banki yakan yi shekara biyu da rabi zuwa uku yana raba lokacinsa tsakanin reshe da makarantar sana'a, ana biyan sa, kafin ya sami takardar shaida. A Bangaladash, bankin Grameen da Farfesa Muhammad Yunus ya kafa a 1983 ya gina horonsa a kan tura sabon ma'aikaci reshen ƙauye ya zauna da masu cin bashi. In kun lura, dukansu biyu sun yi kama da tarbiyyar maigida da yaronsa da na ambata da farko.

Shawarwari

Ya shugaba, ga abin da nake ganin ya dace. Da farko, tsarin ƙwarewa na 2012 ya sauko ƙasa. Duk wanda zai taɓa kuɗin mai ajiya, na dindindin ne ko ɗan kwantiragi ko mai POS, a wajabta masa wani mataki na horo da jarrabawa, kuma nauyin ya hau kan bankin da yake aiki da sunansa.

Na biyu, a kawo horon kusa. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Garin da aka buɗe wa Kwalejin Katsina a 1922 don horon malaman Arewa duka bai gaza ɗaukar ajin ma'aikatan banki ba.

Na uku, sassan Hausa da na lissafin kuɗi su haɗa kai da bankuna su tsara kalmomin aikin banki da Hausa, a sa shi cikin jarrabawa cewa ma'aikaci ya bayyana sharuɗɗan rance da baki ga wanda bai yi boko ba.

Na huɗu, kada a ba jami'i ikon sa hannu a rancen noma ko na kasuwa sai ya yi wasu makonni a gona da kasuwa. Na biyar, a buɗe wa ɗan kwantiragi ƙofa: in ya yi shekaru ba a same shi da laifi ba, ya kuma ci jarrabawar CIBN, a mayar da shi na dindindin.

Mu ma akwai namu. 'Yan'uwana ɗalibai, kada watannin koyon aiki su ƙare a sayo wa manya abinci da neman sa hannu a littafi. Ku yi tambaya, ku nemi a zagaya da ku sassa. Ana iya yin rajista da CIBN tun mutum yana ɗalibi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma yayyena ma'aikatan gwamnati, ta ofisoshinku ake zaɓen bankin da zai biya albashi da wanda zai raba rancen manoma. In kun zauna da su, bayan kun tambayi nawa za su caza, ku tambaye su mutum nawa suka horar a jihar nan bara, kuma nawa ne daga cikinsu ke aiki a kanta. Tambayar da mai ba da ciniki ya yi, ba a ƙyale ta.

Mai ajiya bai san Gwamnan Babban Banki ba, bai taɓa ganin biliyan 500 ba. Abin da ya sani shi ne fuskar da ke bayan kanta, da ko ta gaya masa gaskiya cikin harshen da yake ji. A koyar da mai wannan fuska, a biya shi haƙƙinsa, kana a nemi amana daga gare shi.

 Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu zama masu riƙon amana.